Lafiyar Toga: Sulhun Kabi da Daular Usmaniyya, da Abin da Ya Bari a Baya

(Laccar da aka gabatar a zaman karatu na wata-wata a Birnin Yauri)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, malamai da dattawa da matasa, da iyayenmu mata da ke saurare daga nasu ɓangaren: babu kalmar da ta fi yawo a bakin mutanen ƙasar nan a 'yan shekarun nan kamar kalmar sulhu. Ana faɗinta a kasuwar Yelwa, ana faɗinta a cikin kwalekwale tsakanin tungayen bakin tafki, ana faɗinta a majalisun dattawa a Ngaski da Shanga. Wani da zarar an ambace ta sai ya ɓata rai, ya ce ai wannan miƙa wuya ne ga ɓarawo. Wani kuwa sai ya ce, malam, kai da kake kwana a tsakiyar gari ba ka san zafin wanda ya yi damina biyu bai taka gonarsa ba. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai abin da idonsa ya gani. Mu a wannan zama ba mu zo raba gardamar da ƙarfin murya ba. Mun zo ne da wani tsohon sulhu da aka ƙulla a cikin ƙasar da yau ake kira Jihar Kebbi, tsakanin dauloli biyu masu sarakuna da rundunoni, domin mu kwance shi a gabanku mu ga abin da ya ɗaure, mu kuma ga abin da ya bari a sake. Sunansa Lafiyar Toga.

Kafin a san darajar sulhu sai an san nauyin yaƙin da ya kawo shi. A shekarar 1805 rundunar jihadi, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fita da sauran mutanensa. Sai dai cin birni daban, cin zuciyar masu birni daban. Gidan sarautar Kanta bai mutu ba. Fodi ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi, ɗan'uwansa Karari ya ɗauka daga Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗan Karari, watau Yakubu Nabame, ya miƙa wuya, aka tafi da shi Sakkwato, ya zauna can shekara da shekaru a hannun Sarkin Musulmi. A zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba aka amince masa ya koma gida. A 1849 sai ya ɗaga tuta a Argungu, Zabarmawa da Arawa da mutanen Dendi suka mara masa baya, ƙasar yamma ta kama da wuta gaba ɗaya.

Daga wannan shekara har zuwa 1867, watau shekara goma sha takwas, kwarin Gulbin Kabi bai san kwanciyar hankali ba. Ku lura, ya 'yan'uwa, tsakanin Argungu da Gwandu ba wata tafiya ce mai nisa ba, mahayi mai doki nagari ba ya kwana a hanya. Maƙwabta ne ke yaƙi, fadama ɗaya suke noma, gulbi ɗaya suke su. Baturen nan matafiyi na Jamus, Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a 1853, ya kuma bar labarin irin zaman ɗar-ɗar da ya tarar da garin a ciki da haɗarin hanyoyin da ke kewaye da shi. A 1854 aka kashe Nabame a fagen fama. A 1859 aka kashe ɗan'uwansa Yusufu Mainasara wanda ya gaje shi. Shekara ba ta zagayo da kyau ba, a 1860, Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru, ɗan Malam Abdullahi na cikinsa. Idan wannan shi ne rabon sarakuna, to ku ƙiyasta rabon talaka mai fartanya, wanda babu marubucin da ya tsaya ya ƙirga gawarsa.

A wannan shekara ta 1860 Abdullahi Toga ya hau sarautar Kabi. A 1867 kuma aka naɗa Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu Usmanu na cikinsa, Sarkin Musulmi, yana dattijo, mutum mai son zaman lafiya. A zamaninsu aka ƙulla sulhun. Sharuɗɗan da masana tarihi suka ruwaito guda uku ne. Na farko, Sakkwato da Gwandu sun yarda Argungu ƙasa ce mai cin gashin kanta. Na biyu, duk garin da ke hannun Kabawa a ranar sulhu ya tabbata nasu. Na uku, duk wanda aka kama a yaƙi ya zauna a hannun wanda ya kama shi.

Tun daga sunan ma akwai abin lura. Mutane ba su kira shi takardar Toga ba, ba su kira shi alkawarin Toga ba. Sun kira shi lafiya, domin abin da suka ji a jikinsu ke nan: aka yi shuka aka girbe, fatake suka bi hanya, mace ta je rafi ta komo. Suka kuma jingina shi ga Toga, ba ga Sarkin Musulmi ba, wanda ke nuna maka ɓangaren da jama'a suka ɗauka shi ya fita da riba.

Sharaɗi na farko shi ne mafi ɗaci a bakin Sakkwato, kuma a ganinmu shi ne mafi nuna girman Ahmadu Rufa'i. Ku tuna ƙaninsa ba ne, baffansa ne ya ci Birnin Kabi. Fiye da shekara sittin ana ɗaukar Kabi a matsayin ƙasar da aka ci, masu tayar da kai a cikinta kuma a matsayin waɗanda suka warware mubaya'a. Yau ɗan Shehu ya zo ya ce, abin da takobi ya kasa dawo da shi cikin shekara goma sha takwas, ba za mu ci gaba da zubar da jini a kansa ba. Wannan ba ragwanci ba ne. Akwai shugaban da zai gwammace talakawansa su ƙare da a ce a zamaninsa aka rasa ƙasa, irin wannan girman kansa yake karewa, ba addini ba. Kuma shari'a ba ta ɗaure hannun Rufa'i ba. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda a kanta daular ta ginu, sun halatta wa shugaba ya tsagaita yaƙi idan ya ga maslahar Musulmi a ciki, ba su kuma yanka wa'adin da ba za a wuce ba, sun bar shi ga ijtihadinsa, ko da yake sun so a taƙaita idan babu larura. Shehu da kansa ya yi magana a kan hukuncin aminci da tsagaita yaƙi a cikin Bayanu Wujubil Hijra da ya wallafa a 1806. Saboda haka wanda ya ce duk wani sulhu haramun ne, bai karanta littattafan da yake jingina da su ba.

Amma, ya 'yan'uwa, malaman da suka buɗe wannan ƙofa ba su bar ta ba mai gadi ba. Duk wanda ya yi karatun Muhtasar na Shaihu Halilu a zaure ya san cewa a babin jihadi an gindaya wa tsagaita yaƙi sharuɗɗa: ya kasance shugaba ne ya ƙulla, ba kowane mai unguwa ba, ya kasance akwai maslaha, ya kuma kuɓuta daga sharaɗi ɓatacce. Da aka tashi ba da misalin sharaɗi ɓatacce, to misalin da aka kawo shi ne a yarda Musulmi ya ci gaba da zama kamamme a hannun abokan gaba. Ba a yi rangwame a kan wannan ba sai idan tsoron wata cuta mafi girma ya tilasta. A cikin babin nan dai aka wajabta fansar kamamme, aka kuma jera inda za a ɗauko kuɗin: baitulmali da farko, sannan dukiyar jama'ar Musulmi, sannan a ƙarshe dukiyar shi kamammen. Ku dubi wannan jeri da kyau. Aljihun uba shi ne na ƙarshe, ba na farko ba.

To, yanzu ku ɗora sharaɗi na uku na Lafiyar Toga a kan wannan ma'auni. Duk wanda aka kama ya zauna inda yake. A rubuce layi ɗaya ne, kuma yana da kamar adalci, tun da ɓangarorin biyu ya hau. Amma adalci ne tsakanin masu kamu, ba tsakanin kamammu ba. Bafulatanar da aka ɗauke daga rugarsu aka kai Argungu, da ɗan Bakabe da aka kama a bakin fadama aka kai Gwandu, ranar da ake buga tambarin lafiya ita ce ranar da aka rufe musu ƙofar gida har abada. Da ana yaƙi, uwa tana da sauran sa rai, wata rana a ci garin a ƙwato mata ɗanta. Da aka yi sulhu sai sarkinta da kansa ya sa hannu cewa ɗan ya zama dukiyar wani. Kuma da yawan waɗannan mutane, a ɓangarorin biyu, masu salla ne. Ba muna zaune a nan ba ne domin mu yi wa magabata hisabi, su da Ubangijinsu, kuma mai yiwuwa ne sun ga in an taɓo maganar kamammu sulhun gaba ɗaya zai rushe, suka ɗauki abin da ya samu. Sai dai uzuri daban, abin koyi daban.

Mun san wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, malam, to Hudaibiyya fa? Tambaya ce mai kyau, bari mu tsaya a kanta. A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya fito da sahabbai kimanin 1,400 da nufin umara, Ƙuraishawa suka tare hanya, aka ƙulla sulhu da wakilinsu Suhailu ɗan Amru, Sayyidina Aliyu (RA) ne ya rubuta. An ajiye yaƙi shekara goma. Musulmi su koma a bana, baɗi su zo su yi kwana uku. Wanda ya gudo daga Makka ba da izinin waliyyinsa ba a mayar da shi, wanda ya gudu daga Madina zuwa Makka ba za a mayar ba. Ana cikin rubutun sai ga Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, yana jan mari a ƙafa, aka kuwa mayar da shi a kan idon sahabbai, abin da ya yi wa Sayyidina Umar (RA) nauyi ƙwarai. Wannan duk gaskiya ne. Amma a ci gaba da karatu, kada a tsaya a nan. Manzon Allah (SAW) bai mayar da Abu Jandal a matsayin dukiyar kowa ba, ya mayar da shi ga mahaifinsa, ya kuma yi masa albishir da mafita, shi kuwa mai magana ne da wahayi. Mafitar ta zo: Abu Basir da waɗanda suka tsere suka taru a bakin teku a kan hanyar fataken Ƙuraishawa, har Ƙuraishawa da kansu suka roƙi a soke sharaɗin. Sannan ga babban abu: da mata muminai suka yi hijira, irin su Ummu Kulsum 'yar Uƙba, 'yan'uwanta suka biyo sawu suna neman a cika sharaɗi, sai hukunci ya sauka a cikin Suratul Mumtahana aka hana mayar da su. Watau ko a sulhun da aka fi sassautawa a tarihin Musulunci, ba a bar mace a hannun wanda zai cuce ta ba.

Akwai kuma wani sharaɗi a Hudaibiyya wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali kuwa shi ne ya fi shafar maganarmu. An rubuta cewa kowace kabila tana da zaɓi, ta shiga alkawarin Manzon Allah (SAW) ko ta shiga na Ƙuraishawa. Huza'a ta zaɓi Musulmi, Banu Bakar suka zaɓi Ƙuraishawa. Saboda wannan sharaɗi ne, da Banu Bakar suka auka wa Huza'a da dare da taimakon Ƙuraishawa, ba a yi dogon musu a kan wane ne ya warware ba. Kowa ya sani, har Abu Sufyan da ya taso takanas zuwa Madina neman gyara. Aka buɗe Makka a Ramadan na shekara ta 8.

A cikin sharuɗɗa ukun da aka ruwaito na Lafiyar Toga babu makamancin wannan. Sharaɗi na biyu ya ce kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, kamar dai garuruwa tumaki ne da za a ɗaure a turke su zauna. Bai ce komai ba a kan ranar da mutanen wani gari za su ga an matsa musu su nemi sauya ubangida, bai kuma ambaci wanda za a kai wa ƙara idan sarakunan biyu suka saɓa ba. Ta wannan kafa ruwa ya shiga. A 1875 mutanen Fanna, wani gari a ƙasan kwarin gulbi, suka juya wa Kabi baya suka kai caffa Gwandu, Gwandu kuwa ta karɓa. A wurin Gwandu, mutane ne suka zo da ƙafarsu, ba a kore mai neman mafaka. A wurin Toga, an ɗauke masa garin da sulhu ya tabbatar masa. Kowa yana da hujja, babu alƙali. Kabawa suka kame shanun Fulani masu ɗimbin yawa, aka koma gidan jiya. Shekara takwas lafiyar ta yi.

Kada kowa ya raina shekara takwas. Yaron da aka haifa a shekarar sulhu ya isa shiga makarantar allo har ya yi nisa bai taɓa jin kuwwar hari ba. Amma abin da ya biyo baya ya fi na farko muni. A 1883 Sama'ila, ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau sarautar Kabi, kuma ana ba da labarin cewa garuruwa masu ganuwa casa'in ya ƙone a zamaninsa. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu yaƙi da kansa bai ci ba. Haka aka yi ta yi har Turawa suka iso. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a Argungu sojan Ingila suka sami masauki a 1902, daga can kuma wani sashe na rundunarsu ya tashi ya haɗu da wadda ta fito daga Kano, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Kabi ma ba ta tsira da abin da ta yi shekara hamsin tana yaƙi a kansa ba, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata a tsakaninsu ta yanke mata abokan tafiyarta na Zabarma da yawancin ƙasar Arewa, suka faɗa hannun Faransa. Sarkin Musulmi bai shiga Argungu a matsayin baƙo ba sai a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wadda daga gare ta ake ƙirga bikin kamun kifin da ya yi suna. Shekara 67 ke nan bayan Lafiyar Toga, kuma a ƙarƙashin tutar wani.

Yanzu mu dawo gida, domin wani zai ce duk wannan labarin mutanen arewa ne, ina ruwan Yauri? Ruwanmu a ciki shi ne ba a sa mu a ciki ba. Yauri tana da nata alkawarin tun da wuri. A wajen 1810 Sarkin Yauri Albishir ɗan A'i ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka bar shi a kan gadonsa yana kai gaisuwa. Ma'anar irin wannan alkawari a shari'a ita ce, ka ba da biyayya, a ba ka kariya. To amma Gwandu da yaƙin Kabi ya sha mata kai, da wane hannu za ta kare wani? Rikicin sarauta ya ɓarke a cikin gidan Yauri tun daga shekarun 1840, ga kuma Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ya kafa Kwantagora a 1864 a gabas da mu. A cikin shekarun nan da manoman Argungu da na Gwandu ke girbi lafiya, ƙasar Yauri da garuruwan Kambari hare-hare suke sha, ana kwasar mutane. Wannan birni da muke zaune a cikinsa, wanda ragowar ganuwarsa ke nan kuna gani, ya daina zama mazaunin sarki, sarauta ta koma tsibirin Ikum a tsakiyar Kwara, daga baya ta zauna a Yelwa a 1888. Sulhun mutum biyu bai hana na uku kuka ba. Wanda ke zaune a kan iyakar Kebbi da Neja a yau, yana jin an yi sulhu a wata jiha sai ya ga baƙin fuskoki sun ƙaru a dajin bayan garinsu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Kada kuma a zaci wannan rauni na sarakunanmu ne su kaɗai. Manyan ƙasashen duniya sun taru a Versailles, kusa da birnin Faris, suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 28 ga Yuni 1919. Suka ƙwace wa Jamus duk ƙasashen da take mulka a waje, aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, ita Kamarun da sojojin ƙasar nan suka zubar da jini a cikinta a Garwa da Mora. Ba a tambayi mutumin Mubi ko na Dikwa wa yake so ba. A watan Fabrairu na 1961 aka tambaye su ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama, arewacin yankin ya zaɓi Nijeriya, kudanci ya zaɓi Kamaru. Tambayar mutanen Fanna ce, aka yi shekara arba'in da biyu kafin a amsa ta. Ita kanta yarjejeniyar shekara ashirin ta yi, yaƙi na biyu ya tashi a 1939. Amma duk da aibinta ta keɓe sashe guda a kan mayar da fursunonin yaƙi gidajensu, kuma yarjejeniyar Jeniba ta 1949 ta mai da sakin su da zarar faɗa ya tsaya wajibi a kan ƙasashe. Abin da malamanmu suka rubuta a babin jihadi ɗaruruwan shekaru kafin nan, duniya ta zo ta same shi bayan ta sha wuya.

Ya 'yan'uwa, ba sai an tuna wa mutumin Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021 ba. A ranar aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke garin nan da rana tsaka, aka tafi da ɗalibai da malamai. An riƙa sako su kashi-kashi, amma 'yan mata goma sha ɗaya suka rage a daji, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a 2023, bayan kusan shekara biyu. Iyayensu sun san ma'anar sharaɗi na uku na Lafiyar Toga fiye da duk wani masanin tarihi, sun kuma san yadda jerin da ke cikin Muhtasar ya juye, na ƙarshe ya koma na farko. A watan Nuwamba na 2025 abin ya sake faruwa a Maga, a ƙasar Zuru, bayan 'yan kwanaki kuma a Papiri, a ƙetaren ruwa.

A nan dole mu bambance abu biyu, domin kada a ɗauki maganarmu a kai ta inda ba mu aike ta ba. Toga sarki ne mai ƙasa da fada da alƙalai, idan ya ce a ajiye makami ana ajiyewa, shi ya sa kalmarsa ta riƙe shekara takwas. Masu tare hanya da satar mutane kuwa hukuncinsu a fiƙihu wani babi ne daban, babin hiraba, wanda asalinsa ke cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33 da ta 34. Wanda ya tuba ya miƙa kansa tun kafin a ci ƙarfinsa, haddin hiraba ya faɗi daga kansa. Amma a wurin Imamu Malik haƙƙin mutane bai faɗi ba: dukiyar da ya ƙwace tana wuyansa, jinin da ya zubar kuma magada ne ke da magana a kansa, ba gwamna ba, ba sarki ba, ba malami ba. Tuba kuwa ba ta tabbata alhali 'yar wani tana ɗaure a bukkarsa.

An gwada sulhu a Katsina a 2016, aka sake a 2019 a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, shi da kansa ya fito a 2020 ya ce an ci amanarsa. An gwada a Zamfara a 2019 a zamanin Gwamna Bello Matawalle, a 2021 ya janye. Ba mu kawo sunayensu don zargi ba, sun nemi abin da Ahmadu Rufa'i ya nema ne. Amma duk wanda ya bi labarin ya ga ramukan nan guda uku da muka gani a sama. An yi sulhu da wani daba an bar wani, an yi a wata jiha an bar maƙwabciyarta. Ba a fayyace wanda zai yi mulki washegari ba, har aka wayi gari a wasu wurare mai bindiga ne ke yanka wa ƙauye kuɗin shiga gona, shi ke raba gardamar aure da ta bashi, wannan kuwa ba sulhu ba ne, sauyin sarauta ne ba da naɗi ba. Sannan maganar kamammu ta zama abin ciniki, a sako goma ranar taro don a ɗauki hoto, a riƙe sauran. Kuma gaskiya ta wajaba a faɗe ta duka: akwai makiyayan da aka kashe ko aka kwashe musu shanu ba da haƙƙi ba, akwai waɗanda ke tsare shekara da shekaru ba a kai su gaban alƙali ba. Su ma kamammu ne, su ma suna da uwaye, kuma sulhun da ya manta da su ya ajiye wa kansa Fanna tun ranar farko.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma abu ne da ba ya bukatar izinin kowa. Kowane limami da ke wannan zama, daga Birnin Yauri har Wara, daga Shanga har tungayen bakin ruwa, ya samu littafi guda ya ajiye a masallaci. A rubuta sunan duk wanda aka ɗauke daga garin bai dawo ba, namiji ko mace, manomi ko makiyayi ko masunci, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, da ranar da aka ɗauke shi da wurin. Wanda ya dawo a ja layi a kan sunansa a gode wa Allah. Wanda aka tabbatar ya rasu a rubuta, domin matarsa ta san iddarta, magada su san gadonsu. A kai kwafe ga hakimi. Duk ranar da aka ce za a zauna sulhu da sunan garinku, ko wane ne zai zauna, a miƙa masa littafin tun kafin ya hau mota, a ce masa da wannan za a fara. Masu karatun Muhtasar kuma su duba babin jihadi daga maganar tsagaita yaƙi zuwa ƙarshen maganar fansa kafin zama mai zuwa, domin daga nan za mu ɗora in Allah Ya kai mu.